Me ya fi ƙarko a saman kantar kicin a gidan da tukunya ba ta sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna ƙarasa gini a Tudun Wada, Gusau. Mu goma sha huɗu ne a gidan, har da surukata da yara tara, ana girki sau uku a rana ban da na baƙi. Kafinta ya ce a yi kabad na katako a shimfiɗa Formica a kai, mai tayil ya ce tayil, maigida kuma ya ga mabul a gidan abokinsa ya ƙyasa. Ni abin da nake so shi ne wanda zai shekara da shekaru ba a sake kiran ma'aikaci ba. Me za mu sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a shiga a sa'a. Shawarata ita ce a zuba kankare da rodi a kan ƙafafun bulo, sannan a shimfiɗa dutsen giranait mai kaurin santimita 2 a kai. Idan kuɗi bai kai ba, a bar kankaren yadda na faɗa, a sa manyan tayil na fosilin, irin masu tauri da kusan ba sa shan ruwa, a madadin dutsen. Mabul da katakon garin itace, wato na dusar katako da aka matse da gam, kuwa a rabu da su.

Mu fara da mabul, tunda shi maigida ya ƙyasa. A kasuwa kusan duk dutse mai sheƙi ana ce masa mabul, saboda haka mai yiwuwa abin da ya gani a gidan abokinsa ma giranait ne. Amma duwatsu ne biyu da ba su haɗa hanya ba. Mabul na gaskiya asalinsa dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti, wanda zafi da matsi na cikin ƙasa suka sauya masa kama. Duk abu mai tsami yana cinsa. Ki yanka lemun tsami a kai, ko ruwan tsamiya ya zuba lokacin dama kunu, ko zoɓo, ko markaɗen tumatir, ko nono mai tsami, cikin 'yan mintoci wurin zai dushe ya zama kamar an goga masa alli. Wannan ba datti ba ne da za a wanke, fuskar dutsen ce ta narke, sai an kira mai injin goge dutse. Ga shi da laushi: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, mabul yana wajen 3, bakin wuƙa yana wajen 5 da rabi. Wato wuƙarki ta fi shi tauri, tana iya zana shi. Tarazo ma ciwonsa ɗaya, don tsakuwar mabul ce aka kwaɓa da siminti. Mabul a falo ko a bangon bayan gida ba laifi, amma kicin ɗin da ake jiƙa tsamiya kullum ba wurinsa ba ne.

Giranait kuwa shi ne irin dutsen da kike gani a Kwatarkwashi in za ki Funtuwa. Ma'adinan da ke cikinsa taurinsu 6 zuwa 7 ne, don haka wuƙa ba ta yi masa komai, shi ne ma zai dakushe miki ita idan ana yanka a kansa ba katako. Tsami ba ya cinsa. Tukunyar da aka sauke daga gas ba ta ƙona shi. Rauninsa biyu ne: wasu nau'o'insa suna shan mai, kuma yana tsagewa idan aka buge shi a inda ƙarƙashinsa babu komai. Dukansu suna da magani.

Kafin a biya kuɗi, a karɓi ɗan gutsure daga ainihin fallen dutsen da za a yanka muku, kar a yarda da samfurin da aka ajiye a kan tebur. A kawo gida a yi gwaji uku. A matsa lemun tsami a gefe guda a bar shi minti goma a goge: idan wurin ya dushe, akwai farar ƙasa a ciki, ko me mai shago ya kira shi a mayar masa. A ɗiga ruwa a wani gefen a bar shi minti goma sha biyar: idan bayan an share wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, zai buƙaci man toshe ƙofofin dutse da ake kira sila. A ɗiga manja a wuri na uku a bar shi ya kwana. Wanda ya tashi da safe manja ya fita da sabulu, shi ne naku. Idan baƙi wuluk ne ana iya ƙara gwaji na huɗu: a jiƙa farin tsumma da ruwan goge jan farce a murza, idan baƙi ya fito a tsumman to rina shi aka yi, kuma zai koɗe a inda ake yawan wankewa.

Batun launi ya wuce ado. Fari da masu haske sun fi shan mai, manja da kurkur suna barin musu shaida. Baƙi wuluk yawanci ya fi kowanne rashin sha, sai dai a garinmu yana da wahalar sha'ani. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta kwanta a kai, ki goge da safe kafin azahar yaro ya rubuta sunansa da yatsa. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri kuma idan ya bushe yana barin farin zobe a gindin famfo, a kan baƙi ake fi ganinsa. Ni dai mai ruwan toka ko ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige zan zaɓa miki, yana ɓoye ƙura da tabo, ba ya sa mutum yawo da tsumma.

Yanzu ga wurin da aiki ke lalacewa, wato abin da ke ƙarƙashin dutsen. Giranait mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 kuma wajen kilo 80. Idan aka ɗora wannan nauyi a kan kabad na katakon garin itace, irin wanda ake matse dusar katako da gam, kwanansa ƙidayayye ne. Ruwan wanke-wanke da na gugar ƙasa yana shiga ta gindi, katakon ya kumbura ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, gefe guda ya sauka da 'yan milimita, dutsen da ke sama ba ya lanƙwasa, sai ya tsage. Ga gara, wadda ba ta neman izini. Shi ya sa a gida irin naku kankare ne ya kamata ya ɗauki nauyin, kafinta ko mai alminiyam ya zo daga baya ya sa ƙofofi kawai.

Ga yadda birkila zai yi. A fara da ɗan dandamali a ƙasa mai tsayin santimita 10, don ruwan guga kada ya shiga cikin kabad. A ja dandamalin baya da santimita 7 daga bakin kanta, yatsun ƙafa su sami wurin shiga, in ba haka ba mai aiki za ta riƙa sunkuyawa bayanta ya yi ciwo. A kansa a tayar da ƙafafu na bulo inci 4 ko 6, tsakanin kowace biyu kada ya wuce mita 1. A sassaƙa bango a shigar da bakin kankaren kamar santimita 5. Kaurin kankaren santimita 7 da rabi, da rodi mai milimita 10, a jere na tsawo kowane santimita 15, na gicciye kowane santimita 20, a ɗaure da waya, a ɗaga shi da 'yan tsakuwa don ya zauna a tsakiyar kankare kada ya kwanta a kan katakon zubi. Kwaɓin shi ne buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na ƙananan tsakuwa. Don ki iya bin lissafin ma'aikata: kanta mai tsawon mita 3.6 da faɗin santimita 60 za ta ci wajen buhu ɗaya na siminti a zubin saman kawai, da sandar rodi uku masu mita 12, ban da na gina ƙafafu da filasta. Ramin wurin wanke-wanke da ramin bututun gas a bar su tun wajen zubi da akwatin katako, a kewaye ramin da rodi. Fasa kankare da guduma daga baya shi ke haifar da tsagar da ba a gani sai an gama komai.

Sai ban ruwa, wanda a zafin Gusau shi aka fi yi wa ha'inci. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulle. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko a hunturu da iska ke tsotse komai, kankaren da aka zuba da safe kafin la'asar fuskarsa ta bushe ta yi gari. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, a riƙa jiƙawa safe da rana da yamma har kwana 7 aƙalla. Kada a cire katakon ƙasa kafin kwana 10. Idan da hali a bar shi sati uku zuwa huɗu kafin a ɗora dutse, don cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake ƙirga shi.

Tsayin kanta da aka saba shi ne santimita 90, amma ainihin ma'aunin gwiwar hannun mai girki ne: ki tsaya, ki lanƙwasa hannu, saman kanta ya zauna santimita 10 zuwa 15 ƙasa da gwiwar. Mace matsakaiciya sau da yawa 85 ya fi mata daɗi. A auna daga saman tayil ɗin ƙasa da aka gama. Idan ba a riga an sa tayil ba a ƙara abin da shi da simintinsa za su ci, yawanci santimita 4 zuwa 5, sannan a cire santimita 3 na dutse da gam daga tsayin kankaren. Birkiloli da yawa suna mance ɗaya daga cikin biyun.

Wani abu kuma da zanen kicin na ƙasashen waje bai san da shi ba shi ne tuƙin tuwo. Idan murhun gas ɗinku irin na ɗorawa a tebur ne, shi kansa yana da tsayin santimita 10 zuwa 15. Ki ɗora shi a kan kanta mai 90, ki ɗora babbar tukunya a kai, bakin tukunyar ya kai ƙirjinki. Ba muciyar da za ta juyu a haka, ga hatsarin tukunyar ta kife wa mutum. Saboda haka a sauke ɓangaren murhu zuwa santimita 70 ko 75. Tuwon mutum goma sha huɗu kuwa wurinsa daban: a yi ɗan dandamalin kankare mai tsayin santimita 30 zuwa 40 a gefe ko a rumfar tsakar gida, a nan babban murhu ko kurfoti zai zauna. Kurfoti mai garwashi kada ya hau giranait ko kaɗan. Tukunya mai zafi ta ɗan lokaci ce, shi kuwa kurfoti yana gasa wuri guda na awa ɗaya ko biyu, tsakiyar ya buɗe gefe yana sanyi, dutsen ya tsage. Tukunyar gas ta fi kyau a waje, a cikin ɗan keji mai inuwa, a shigo da bututu. Idan dole ta zauna a ƙarƙashin kanta, ƙofar wurin ta zama mai ramuka a ƙasa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa.

Wajen ɗauko dutsen, ko daga Kano ne ko Kaduna ko Abuja, a tsaye ake ɗora shi a mota, a kan gefensa, a jingine da katako an ɗaure. Idan aka kwantar da shi, gargadar hanyar Funtuwa zuwa Tsafe kaɗai ta isa ta raba shi biyu. A yi ciniki a kan cewa sai ya iso lafiya an shimfiɗa. A kuma tambaya a fili: farashin na murabba'in mita ne ko na mitar tsawo, kuma ya haɗa da yanka ramin wurin wanke-wanke, da goge baki, da ɗan dutsen jikin bango? A nan ake yawan samun saɓani. Kuma mai dutse ya zo ya auna da kansa bayan an gama kankare da filasta, don bangon gini da wuya ya miƙe sak.

Shimfiɗar kanta a yi ta da gam ɗin tayil na buhu, a baje shi ko'ina da cokali mai haƙora. Wasu suna ɗiga curi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su ɗora dutse. Yana zama daidai a ido, amma ƙarƙashinsa kogo ne: gidan kyankyasai, kuma nan zai fashe ranar da wani abu mai nauyi ya faɗo. Bayan kwana biyu ki ɗauki cokali ki bi dutsen kina ƙwanƙwasawa. Inda ya cika zai amsa a toshe, inda kogo ne zai yi ƙara kamar ganga. Ki yi wannan kafin a biya cikon kuɗin aiki.

Wurin wanke-wanke shi ne inda kanta ta fi rauni. Bayan an yanke rami, siririn dutsen da ya rage gaba da baya kada ya gaza santimita 7 ko 8, kuma ya kwanta a kan kankare. Kusurwoyin ramin a zagaye su, kada a yanke su da kaifi, don daga kusurwa mai kaifi tsaga ke tashi. Mahaɗar dutse biyu kada ta faɗo a kan ramin, a matsar da ita aƙalla santimita 30, a cike ta da gam ɗin efoksi mai launin dutsen. Tsakanin kwanon wanke-wanke da dutse, da tsakanin dutse da bango, silikon za a sa, siminti yana tsagewa a nan ruwa ya bi. Bakin dutsen ya leƙo santimita 3 gaban ƙofofi, a tsaga ɗan siririn layi a ƙarƙashin bakin, ruwan da ya gangaro zai tsaya a layin ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin ƙofa. Bakin da kusurwoyin waje a murɗe su su yi santsi, gida mai yara tara akwai goshin da tsayinsa daidai yake da kanta. Yankan dutse kuma a yi shi a waje da ruwa, ƙurarsa tana lalata huhu, kada a bar yara su tsaya kallo.

Idan tayil za a sa, a nemi fosilin, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a juya bayansa a ɗiga ruwa, idan ya tsotse nan take tayil ɗin bango ne, ba zai jure ba. A ɗauki babba, 60 da 60 ko 60 da 120, wanda zai rufe faɗin kanta da falle ɗaya. Fuskar fosilin ba ta shan manja, tsami ba ya cinta, zafi ba ya damunta. Matsalar tayil layukan tsakaninsa ne, nan mai da garin tuwo ke maƙalewa su yi baƙi, shi ya sa ƙananan tayil ba su dace ba. A matse layin zuwa milimita 2, a cike da efoksi in an samu, in ba a samu ba a sa mai duhu. Bakin gaba a sa masa ƙarfen kusurwa na alminiyam, don nan tukwane ke bugu yana ɓantarewa. A ajiye falle uku ko huɗu a sito, bayan shekara biyu da wuya a sami irin launin a kasuwa.

Za a iya yi muku tallan kwatz, dutsen haɗi na masana'anta. Garin dutse ne kamar kashi 90 cikin ɗari da aka ƙulle da gam na roba. Ba ya shan komai, yana da kyau ƙwarai, amma gam ɗin ba ya son zafin da ya wuce digiri 150 ko kusa da haka. Kaskon suya da aka sauke kai tsaye zai bar masa zobe mai ruwan ɗorawa wanda ba ya fita, rana mai shigowa ta taga ma tana sauya masa launi. A gidan da hannu goma ke shiga kicin, wani zai mance wata rana. Ƙurar yankansa kuma ta fi ta giranait illa, har Ostireliya ta hana aiki da shi daga Yulin 2024 saboda ciwon huhun da ya kama ma'aikata.

Ƙarfe mara tsatsa, irin na kicin ɗin otal, yana da kyau a gefen murhu da wurin wanke-wanke, in dai lamba 304 ne mai kaurin milimita 1.2 zuwa sama, kuma an shimfiɗa shi a kan abu mai ƙarfi don kada ya lotsa. Wanda ya fi yawa a wurin masu walda lamba 201 ne, yana tsatsa a inda gishiri ko ruwan bilic ya kwana. Maganaɗisu ba zai raba miki su ba, dukansu ba sa kama shi sosai, sai dai a duba lambar da ke jikin fallen ƙarfen. Formica a kan katako kuwa ita ce mafi araha, amma tukunya mai zafi tana ƙona ta, ruwa yana shiga ta mahaɗa ya ɗaga ta. Ta dace da kicin ɗin mutum biyu.

Kulawa da giranait ba ta da yawa. Ruwa da sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi sun isa. Soson ƙarfe da toka da yashi a bar su wa gindin tukunya. Ruwan kanwa da bilic ba sa cin dutsen, amma suna wanke silar da aka shafa. Sau ɗaya a shekara a maimaita gwajin ɗigon ruwa a gefen murhu, idan ya yi duhu a wanke a bar shi ya bushe kwana guda, a shafa sila, a bar ta minti goma sha biyar, a goge ragowar tas kafin ta bushe a kai. Idan mai ya riga ya shiga, a kwaɓa garin bekin soda (baking soda) da ruwa ya yi kauri kamar ƙullu, a lafta a kan tabon, a rufe da leda a liƙe gefenta, a bar shi kwana ɗaya. Yana bushewa yana jawo man, wani lokaci sai an yi sau biyu ko uku.

Abin da ke fasa giranait a gidajenmu yawanci duka ne. Ƙaramin turmin jajjage, fasa ƙanƙara da taɓarya, sara ƙashi da adda ranar layya, ko yaro ya taka bakin wurin wanke-wanke zai ɗauko abu a kabad na sama. Tun yanzu a tanadi kututturen itace mai kauri a tsakar gida don nama da ƙashi, turmi ya zauna a ƙasa, a kuma ajiye ɗan benci a kicin don mai son miƙa hannu sama.